Zamalek: Unguwar da bashi ya gina a tsakiyar Kogin Nilu, bashi kuma ke sauya mata kama

Idan aka ambaci Zamalek a majalisar masu kallon ƙwallo a Najeriya, abin da ke fara zuwa a rai shi ne kulob ɗin Masar mai farar riga da jan layi biyu a ƙirji. Shi ne ya doke Shooting Stars ta Ibadan a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka har sau biyu, a 1984 da 1996. A can ne kuma Emmanuel Amunike ya taka leda daga 1991 zuwa 1994 kafin ya wuce Turai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kulob ɗin ba ya cikin unguwar da ya ari sunanta. Hedkwatarsa tana can ɓangaren Giza, a tsallaken kogi. Babban abokin hamayyarsa, Al Ahly, shi ne ke zaune a kan tsibirin da unguwar take.

Ita Zamalek ɗin unguwa ce a arewacin tsibirin Jazira, a tsakiyar Kogin Nilu, tsakanin birnin Alƙahira da Giza. An san ta da manyan bishiyoyi da suka rufe tituna, da tsofaffin gidaje irin na Turai, da ofisoshin jakadanci, ciki har da na Najeriya. A birnin da mutanensa da na kewayensa suka haura miliyan 20, inda ƙura da hayaniyar motoci ba sa yankewa, shiga Zamalek kamar shiga ɗaki ne mai sanyi da tsakar rana.

Sai dai a 'yan shekarun nan mazauna unguwar suna cikin fargaba. An haƙa layin jirgin ƙasa a ƙarƙashin gidajensu, an kwashe gidajen kan ruwa da ke fuskantarsu, an sayar da kaso mai yawa na tsohuwar fadar da ta kafa unguwar, sannan a 2025 aka sa hannu a dokar haya da za ta iya fitar da tsofaffin mazauna daga gidajen da aka haife su a ciki.

Duk waɗannan abubuwa jijiyarsu ɗaya ce: kuɗi, da bashin da ke kan gwamnatin Masar. Wanda ya san tarihin unguwar kuwa zai ga cewa ba yau aka fara ba.

Inuwar da aka dasa da hannu

Ruwan saman da ake yi a Alƙahira a shekara bai kai milimita 30 ba. Ma'ana, duk bishiyar da ka gani a birnin wani ne ya dasa ta, wani kuma ke ba ta ruwa. Ranar da mai ba ta ruwa ya janye hannu, ko mai iko ya ga ta tare masa hanya, kwananta ya ƙare.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, Jazira fili ne da ambaliyar Nilu ke shafewa duk shekara. Wanda ya sauya shi shi ne Isma'il Pasha, jikan Muhammad Ali, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879. Ya yi karatu a Faransa, kuma burinsa shi ne ya mayar da Alƙahira tamkar birnin Paris.

Ya sa aka ɗaure gaɓar tsibirin, aka gina masa fada a kai. An kammala fadar a kan lokacin bikin buɗe mashigin ruwan Suez a watan Nuwamban 1869, aka sauki manyan baƙi a cikinta, ciki har da Eugenie, matar Sarkin Faransa Napoleon na Uku.

Ya ɗauko masana lambu daga Turai, irin su Barillet-Deschamps wanda ya yi aikin lambunan Paris, aka kawo irin itatuwa daga ƙasashe masu nisa. Har yau akwai wata ƙatuwar bishiya 'yar Indiya, dangin ceɗiya, mai saiwoyi da ke saukowa daga rassa, wadda ke tsaye kusa da lambun Zuhriyya tun wancan zamani. A 1872 aka gama gadar farko ta Ƙasrun Nil wadda ta haɗa tsibirin da cikin gari.

Duk wannan da kuɗin aro aka yi shi. Bashin da ake bin Masar ya doshi fam miliyan 100 na Ingila. A 1875 Isma'il ya sayar wa Birtaniya hannun jarin Masar a kamfanin mashigin Suez a kan fam miliyan 4. Shekara guda bayan haka, masu bin bashi na Turai suka kafa hukumar da ke sa ido a kan baitulmalin ƙasar. A 1879 aka tuɓe shi, a 1882 sojojin Birtaniya suka mamaye Masar.

Fadar da aka gina don burge sarakunan Turai ta koma otal.

Daga Turawa zuwa Nasser

A shekarar da Birtaniya ta shigo, aka yanke babban fili daga lambunan fadar aka kafa kulob ɗin wasanni na Jazira, domin hafsoshin soja da jami'an mulkin mallaka. A nan suke sukuwa da wasan folo da golf. Sauran filin arewa aka yanka shi fuloti-fuloti, manyan ma'aikata da attajirai, Turawa da 'yan ƙasa, suka gina gidaje masu lambu. Duk wanda ya san yadda aka tsara unguwannin GRA a Kano ko Kaduna zai gane tsarin: faffaɗan titi, bishiya dama da hagu, talaka kuma sai dai ya shigo aiki ya fita.

Juyin mulkin 1952 ya sauya masu gida, amma bai sauya matsayin unguwar ba. Babban titin da ya ratsa ta aka sa masa suna 26 ga Yuli, ranar da Sarki Faruk ya sauka daga mulki ya bar ƙasar. Gwamnatin Jamal Abdul Nasser ta ƙwace kadarorin manyan masu kuɗi, ta yanki wani ɓangare na kulob ɗin Jazira ta mayar da shi cibiyar matasa. Baƙi da dama suka tattara suka tafi. Hafsoshi da ministoci da likitoci da taurarin fim suka maye gurbinsu.

A 1961 aka kammala Hasumiyar Alƙahira mai tsayin mita 187 a kan tsibirin. An daɗe ana ba da labarin cewa da kuɗin da Amurka ta aiko wa Nasser don ta saye shi ya gina ta, domin ya nuna musu a bainar jama'a cewa ba ya sayuwa.

A Zamalek shahararriyar mawaƙiya Ummu Kulsum ta zauna, a wani gida da ke bakin ruwa, har rasuwarta a 1975. Bayan 'yan shekaru aka rushe gidan aka gina dogon bene da otal mai ɗauke da sunanta. Wannan rushewa ta zama misalin abin da ya faru da gidaje masu yawa daga zamanin Anwar Sadat zuwa na Hosni Mubarak: a ture gida mai lambu, a kafa bene mai hawa goma sha. Manyan gadoji biyu, ta 6 ga Oktoba da ta 15 ga Mayu, suka ratsa tsibirin ta sama, motoci suka ƙaru.

Duk da haka unguwar ba ta rasa kamanninta ba. Akwai babban gidan kaɗe-kaɗe da wasannin kwaikwayo na Opera wanda Japan ta gina wa Masar, aka buɗe a 1988. Akwai cibiyar al'adu ta Saƙiyar Sawi da aka buɗe a 2003 a ƙarƙashin gada, a wurin da a da juji ne. Akwai shagunan littattafai, da wuraren baje kolin zane, da gidajen shan shayi.

Kuma ba masu kuɗi kaɗai ke kwana a cikinta ba. Kusan kowane bene yana da mai gadinsa, wanda Misirawa ke kira bawwab, yawancinsu daga kudancin ƙasar, suna zaune da iyalansu a ɗan ɗaki a ƙasan bene. Akwai mai guga, da mai kayan miya, da tsohuwar malamar makaranta da ke karɓar fansho a hawa na uku, maƙwabcinta kuma jami'in diflomasiyya da ke biyan haya da dala. Wannan cakuɗa ita ce ainihin ɗabi'ar Zamalek, ita ce kuma ke cikin haɗari yanzu.

Jirgin ƙasa, lilo da gidajen kan ruwa

Rikicin farko na baya-bayan nan a kan jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa aka yi shi. Gwamnati ta yanke shawarar layi na uku zai ratsa ta Zamalek, da rancen da ya haɗa da na Bankin Zuba Jari na Turai. Mazauna suka yi ta ƙorafi cewa tsofaffin benaye ba za su jure haƙa ba, kuma tasha za ta cika unguwar da jama'a.

A watan Yulin 2020 ƙasa ta zaftare a gefen wani bene da ke kusa da wurin aikin, aka kwashe mazaunansa. Amma aikin bai tsaya ba. A watan Oktoban 2022 aka buɗe tashar, aka sa mata sunan marigayiya Safa Hijazi, tsohuwar shugabar gidan rediyo da talabijin na ƙasar.

A nan gaskiya biyu ce. Tsoron rushewar gidaje yana da tushe, kamar yadda abin da ya faru ya nuna. Amma a cikin ƙorafin akwai kuma ƙyamar talaka. Dubban ma'aikata da ɗalibai da ke shigowa unguwar kullum daga Imbaba da Bulaƙ sun samu sauƙi da wannan tasha, kuma ba a ji muryarsu sosai a muhawarar ba.

A farkon 2021 aka sanar da shirin kafa wani ƙaton lilo mai juyawa, mai tsayin mita 120, a wani lambu da ke bakin ruwa a tsibirin, domin jan hankalin masu yawon buɗe ido. Mazauna suka tashi tsaye a jaridu da shafukan sada zumunta, wasu 'yan majalisa suka mara musu baya. Aikin bai tabbata a wurin ba.

Waɗanda ke tsallaken ruwa ba su yi irin wannan sa'a ba. A gaɓar Kit Kat da ke fuskantar Zamalek ta yamma, akwai gidajen katako da ke shawagi a kan ruwa, waɗanda ake kira awwama. Sun shiga adabi da finafinan Masar, har marubuci Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya gina wani littafinsa a cikin irin wannan gida.

A tsakiyar 2022 hukumomi suka ba masu gidajen wa'adin kwanaki, sannan aka ja kusan 30 daga cikinsu aka tafi da su, wasu aka farfasa. Marubuciya Ahdaf Soueif na cikin waɗanda suka rasa gida. Matsayin hukuma shi ne ba za ta ƙara ba da lasisin zama a kan ruwa ba, sai na kasuwanci, wato gidajen abinci da wuraren shaƙatawa.

Hakan ya nuna alƙiblar da aka fuskanta. Bakin kogi ya zama kadara da ake so ta riƙa kawo kuɗi. Ko sabuwar hanyar shan iska da aka gina a gaɓar gabas, wadda aka sa wa suna hanyar mutanen Masar, akwai ɓangarenta da sai ka sayi tikiti za ka shiga. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha ta.

Dokar haya

Abin da zai fi sauya Zamalek ba a gani da ido daga titi. Yana cikin takardun haya.

Tun zamanin Nasser gwamnati ta daskarar da kuɗin hayar gidaje, dokokin 1977 da 1981 suka ƙara ƙarfafa tsarin. A wancan tsohon tsari, mai gida ba shi da ikon ƙara kuɗi ko korar ɗan haya, har ma ɗa yana iya gadon hayar ubansa. A 1996 aka saki sababbin yarjejeniyoyi su bi farashin kasuwa, amma tsofaffin suka ci gaba yadda suke.

Sakamakon haka, kafin dokar 2025, a bene guda a Zamalek akan samu iyalin da ke biyan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba a wata, a gida mai ɗakuna huɗu da ke kallon kogi, na kusa da su kuma yana biyan dubban fam. Ƙidayar 2017 ta nuna akwai kimanin gidaje da shaguna miliyan 3 a ƙarƙashin wannan tsohon tsari a faɗin Masar, da iyalai wajen miliyan 1.6.

A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Tsarin Mulki ta yanke hukuncin cewa daskarar da kuɗin haya har abada ya saɓa wa tsarin mulki. Majalisa ta yi sabuwar doka, Shugaba Abdul Fatah al-Sisi ya sa mata hannu a watan Agustan 2025.

A ƙarƙashin dokar, kuɗin haya a unguwannin masu hali zai ninka sau 20, kuma ba zai gaza fam 1,000 a wata ba, sannan a riƙa ƙara kashi 15 cikin 100 duk shekara. Bayan shekara 7 yarjejeniyar gidajen zama ta ƙare gaba ɗaya, ta shaguna da ofisoshi kuma bayan shekara 5. Gwamnati ta yi alƙawarin samar da wasu gidaje ga waɗanda suka cancanta.

Masu gidaje suna da hujja mai ƙarfi. Shekara da shekaru suna kallon kadarar da suka gada ba ta kawo musu ko kuɗin gyaran famfo. Shi ya sa benaye da dama suka lalace, wasu gidajen kuma aka kulle su alhali 'yan hayar suna ƙasar waje.

Amma ɗan hayar da ya haura shekara 70, wanda fanshonsa ya narke saboda faɗuwar darajar kuɗi, ina zai nufa a 2032? Gidajen da gwamnati ke ginawa yawanci suna sababbin garuruwa ne a cikin hamada, nesa da asibiti da maƙwabtan da ya saba da su. Idan irin waɗannan mutane suka fita, gidajensu za su koma ofisoshi, da masaukin baƙi na 'yan kwanaki, da kadarar masu zuba jari. Haka ma ƙananan shagunan da tsohuwar haya ta riƙe, irin su mai ɗinki da mai gyaran takalma, wa'adinsu zai riga na gidajen cika.

Wani abin lura shi ne tsohuwar dokar, duk da illarta, ita ce ta hana a rushe benaye masu yawa, domin ba a iya fitar da masu ciki. Idan wannan shinge ya faɗi, abin da zai rage shi ne dokar kare gine-ginen tarihi, da kuma ko za a yi aiki da ita.

Fadar ta sake shiga kasuwa

Bashin waje da ake bin Masar ya haura dala biliyan 150. A farkon 2022 dala ɗaya ba ta kai fam 16 ba, amma zuwa 2024 ta doshi fam 50. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya ɗaga rancen da yake ba ƙasar zuwa dala biliyan 8 a watan Maris na 2024, kuma daga cikin sharuɗɗansa akwai sayar da kadarorin gwamnati.

A ƙarshen 2023 aka ƙulla cinikin kaso mai yawa na wasu tsofaffin otal guda 7 mallakar gwamnati, aka sayar wa wani reshe na kamfanin Talaat Moustafa, wanda shi ma wani asusun gwamnatin Abu Dhabi ya sayi hannun jari a cikinsa. Ɗaya daga cikin otal ɗin shi ne Marriott na Zamalek, wato tsohuwar fadar Isma'il Pasha.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ginin da aka yi da rance shekara 150 da suka wuce, wanda rance ya raba shi da mai shi, ya sake canza hannu saboda rance.

A lokaci guda kuma gwamnati na ƙaura. An gina sabon babban birni kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira, ma'aikatu sun koma can, a can ne ma aka rantsar da Sisi a wa'adi na uku a watan Afrilun 2024. An ware wa ofisoshin jakadanci unguwa ta musamman. Idan jakadu suka bi sahu, Zamalek za ta rasa wasu daga cikin maƙwabtan da kasancewarsu ta daɗe tana ba ta kariya, manyan gidajensu masu lambu kuma su shiga kasuwa.

Wa ake saurara?

Kafin a zubar wa Zamalek da hawaye, ya kamata a dubi arewa da ita kaɗan. Akwai wani tsibiri mai suna Warraƙ, inda dubun dubatar manoma da masunta da 'yan ƙwadago ke zaune. A watan Yulin 2017 jami'an tsaro suka shiga rusau, aka yi arangama, mutum ɗaya ya mutu. Tun daga nan ake ta matsa wa mazauna su sayar da filayensu domin a gina sabuwar unguwa ta zamani.

Kogi ɗaya ne, gwamnati ɗaya ce. Mutanen Zamalek suna da lauyoyi da 'yan jarida da 'yan uwa a manyan ofisoshi, sun iya dakatar da lilo. Mutanen Warraƙ gidajensu suke ƙoƙarin karewa.

Ko unguwannin masu hali ba duka suka tsira ba. A Heliopolis, tsakanin 2019 da 2020, an sare dubban bishiyoyi an cire lambunan tsakiyar titi domin faɗaɗa hanyoyi da gina gadoji. Wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta Masar, EIPR, ta ce Alƙahira ta yi asarar filin shuke-shuke da ya haura murabba'in mita 900,000 tsakanin 2017 da 2020. Wannan na faruwa ne a lokacin da zafi ke ƙaruwa, har ƙasar ta yi fama da ɗauke wuta a bazarar 2023 da 2024.

Gwamnati na cewa birni mai wannan yawan jama'a yana buƙatar hanyoyi da jiragen ƙasa da kuɗin shiga, kuma ba za a tsayar da komai saboda jin daɗin 'yan tsiraru ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Inda take da rauni shi ne bishiyar da aka sare a unguwar mai kuɗi ba a Imbaba ake dasa madadinta ba. Kowa ne ke rasa ta.

Zamalek ba za ta ɓace ba. Filinta ya yi tsada da yawa da za a bar shi ya lalace, wataƙila ma a gyara wasu benayen su fi da kyau. Abin da za a sa wa ido daga yanzu zuwa 2032 abu uku ne: ko gwamnati za ta cika alƙawarin gidaje ga tsofaffin 'yan haya, ko za a kare tsofaffin gine-gine daga rusau idan suka zama fanko, da kuma ko lambunan bakin ruwa za su ci gaba da zama wurin da mai gadi da 'ya'yansa za su iya shiga ranar Juma'a da kuɗin da bai fi ƙarfinsu ba.

Bishiyar da aka dasa zamanin Isma'il Pasha ta ga ficewar Turawa, ta ga faɗuwar sarauta, ta ga shugabanni sun zo sun tafi. Ta kai yau ne saboda a kowane zamani an samu mai ba ta ruwa, kuma ba a samu wanda ya ga filin da take kai ya fi ta daraja ba.